Mama Ta Gubuchi a Ɗakin Karatu

Ni ɗan Hunkuyi ne, can aka haife ni, can na yi allo da firamare. Aikin laburare kuwa ban taɓa sa shi a raina ba. Karatun lauya na nema a jami'a, da sunaye suka fito sai na ga nawa a sashen koyon aikin laburare. Da na faɗa wa mahaifina, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, shi jiran littattafan ma sai an yi masa digiri?" Na ce haka aka ce. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ci gaba da ɗinke buhun masararsa.

Bayan na gama na yi hidimar ƙasa, sai na samu aiki a wani reshe da wata jami'a ta buɗe a yankin Makarfi. Ɗalibanmu yawancinsu ma'aikata ne, malaman firamare da ma'aikatan lafiya da akawunan ƙananan hukumomi, mutanen da suka bar aji shekara goma ko ashirin suka dawo neman digiri. Daga Ikara suke zuwa, daga Kudan, daga ƙauyukan da ke tsakani, wasu a bas, wasu a kan acaɓa da jakar leda cike da takardu. Laburaren namu dogon ɗaki ne guda ɗaya da ƙaramin ofis a gefe. Akwai kantocin littattafai jere, da tebura, da kwamfuta shida waɗanda ba kasafai suke tashi dukkansu a rana ɗaya ba.

Shugabar laburaren wata dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, kowa Madam yake ce mata. Ta daɗe a aikin tun ban shiga sakandare ba, Hausa kuwa a bakinta sai ka rantse a Zariya aka yanke mata cibi. Ita ta ɗora mini darasin koyar da amfani da laburare, wanda dole ne kowane sabon ɗalibi ya yi shi a zangon farko.

Shekarata ta farko na koyar da shi kamar yadda aka koya mini. Na tsaya gaban allo ina ba su tarihin laburare, da ire-irensa, da yadda ake raba ilimi gida-gida a ba kowane gida lamba. Suka kwafa, suka haddace, suka ci jarrabawa. Ina jin daɗi na kai wa Madam sakamakon. Ta duba, ta ce in kira mata wanda ya fi kowa maki. Wani malamin firamare ne daga Ikara, mai natsuwa. Ta rubuta sunan wani littafin koyar da lissafi a guntuwar takarda ta miƙa masa, ta ce ya ɗauko mata. Bawan Allah nan ya fi rabin awa yana zagaya kantoci, yana karanta bayan littattafai ɗaya bayan ɗaya, har gumi ya jiƙa masa riga. Ya dawo hannu biyu ya ce babu shi. Madam ta tashi, ta duba katinsa a akwatin katunan littattafai, ta je ta zaro shi, ko minti biyu ba ta yi ba.

Da ya fita ta ce da ni, "Malam, ka ga ɗalibinka na ɗaya. Daga yau ka rage surutu a aji, ka kawo su nan su taɓa littafi da hannunsu."

Na ji kunya, amma na bi maganarta. Shekarar da ta biyo na raba ajin rukuni-rukuni, mutum goma goma. Kowa in ba shi takarda mai ɗauke da tambaya guda, ya nemo littafin da amsar take ciki, ya rubuto mini lambar littafin da shafin. A wannan shekarar ce na haɗu da Mama.

Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauye ta wajen Gubuchi. Ta haura arba'in da biyar, tana da jikoki, shi ya sa 'yan ajinsu suke ce mata Mama, ni ma na bi sahu. Kirista ce, 'yar asalin yankin, kakanninta ma nan suka yi noma. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kullum da tabarau rataye a wuya da zare. Na fara lura da ita ne saboda Asabar uku a jere tana zuwa ta zauna a tebur na ƙarshe kusa da taga, ta buɗe littafin rubutunta, ba ta taɓa tashi ta nufi kantocin littattafai ba. In lokacin tashi ya yi ta gaishe mu ta tafi. Takardar tambayar da na ba ta kuwa ba ta dawo da ita ba.

A Asabar ta huɗu na je na same ta. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da jikoki da hanya, na ce, "Mama, ban ga amsarki ba har yanzu."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce, "Malam, gaskiya zan faɗa maka. Ban san ta inda ake farawa ba. Yaran nan sa'o'in 'ya'yana ne, ina jin nauyin su ga ina lalube."

Na ce ta zo ranar Laraba da hantsi, lokacin babu kowa sai ni da Madam. Ta ce za ta nemi wata ta riƙe mata aiki.

Ta zo kuwa. Muka fara daga akwatin katuna, domin har lokacin muna amfani da shi tare da kwamfuta saboda rashin tabbas na wuta. Na nuna mata cewa kowane littafi yana da kati a ƙarƙashin sunan wanda ya rubuta shi, da wani a ƙarƙashin sunan littafin, da wani a ƙarƙashin abin da yake magana a kai. Na nuna mata lambar da ke saman katin, na kai ta wajen kantar littattafai na nuna mata irin lambar a bayan littafi. Ta daɗe tana duban katin tana duban kantar. Sai ta ce, "Ashe kamar katin marasa lafiya ne. In ka san lambar mutum ba sai ka zazzage kabad ba." Daga nan ban ƙara shan wahala da ita a kan lamba ba.

Na ce ta bar tambayar da na ba ta, ta faɗa mini wani abu da ita kanta take son sani. Sai ta ce maganin feshi. Ta ce a wajensu kowa feshi yake yi yanzu, masu tumatir da masu wake da masu masara, matasa su goya famfo a baya tun safe, ba takalmi ba abin rufe hanci, in bakin famfon ya toshe su sa baki su hura. In maganin ya ƙare kuma a ɗauraye robar a zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Tana son ta san abin da yake yi wa jiki.

Muka je kwamfuta. Na ce ta rubuta abin da take nema. Da yatsa ɗaya ta rubuta doguwar jimla da Turanci, har da roƙon a taimaka mata. Kwamfuta ta ce babu komai. Ta dube ni ta ce, "Ka gani ko, babu." Na ce ta goge, ta zaɓi kalma biyu kacal daga cikin jimlar, waɗanda in an cire su maganar ta mutu. Ta zaɓi maganin ƙwari da guba. Sunayen littattafai huɗu suka fito. Ta rubuta lambobinsu a tafin hannunta da biro, duk da ga takarda a gabanta, ta tafi ita kaɗai. Ina jin ƙarar takalminta tsakanin kantoci. Ta dawo da uku, na huɗun wani ya ara.

Ɗaya daga cikinsu ƙaton littafi ne na likitanci, ya kusa shafi dubu. Ta buɗe shafin farko za ta fara karantawa. Na ce ta juya can ƙarshe. Na nuna mata fihirisa, wato jerin kalmomin da ke bayan littafi bi da bi bisa haruffa, kowace da lambar shafin da aka yi maganarta. Ta ce shekara nawa tana ganin waɗannan shafuka a bayan littattafai, ta ɗauka na masu buga littafi ne. Ta bi da yatsa har ta samu kalmarta, ta buɗe shafin. Na koma teburina na bar ta.

Ina cikin manna lambobi a wasu sababbin littattafai sai na lura ta daɗe ba ta juya shafi ba. Ta ɗora hannu biyu a kan littafin tana kallon taga. Na je na ce, "Mama, lafiya?"

Ta nuna mini wurin da yatsa. Jerin alamomin wanda gubar maganin feshi ta shiga jikinsa ne: gumi mai yawa, yawu yana dalala, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, tsokar jiki tana motsi da kanta, numfashi da ƙyar.

Ta ce, "Shekarun baya an kawo mini wani magidanci daga lambu, da rana tsaka. Duk wannan da ka gani a rubuce, haka yake. Na ɗauka zazzaɓin sauro ne ya yi masa mugun kamu, don shi muka saba gani. Na yi masa allura, na sa masa ruwa. Da na ga abin yana gaba na ce a kai shi Makarfi. A hanya ya cika. Har yau ina tuna idonsa, na haska da tocila na ga baƙin ya zama ɗan mitsitsi, na rasa dalili. Rigarsa tana wari, ban tambaya ba. Matarsa har yanzu wajena take kawo yaranta."

A makaranta babu wanda ya koya mini abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Madam ta ji mu daga ofis, ta fito ta kama hannun Mama suka shiga ciki, ta tura ƙofa. Sun fi awa. Na ji muryarsu ƙasa-ƙasa, daga baya na gane addu'a suke yi. Da Mama ta fito ta ari littafin ta tafi.

Madam ta kira ni ta ce, "Kada ka ce mata laifinta ne, kada kuma ka ce ba laifinta ba ne. Ni da kai ba likitoci ba ne, ba mu kuma ga mutumin ba. Abin da za ka iya shi ne ka nemo mata duk abin da aka rubuta a kan wannan magana."

Na ɗauka ba za ta dawo da wuri ba, amma ranar Asabar tana cikin waɗanda suka fara zuwa. Ta ce ta je ta sami wani likita da ke koyar da su, ta ba shi labarin. Ya ce mata yanzu babu mai iya tabbatar da abin da ya kashe mutumin, amma alamun sun yi kama, ya kuma koya mata abin da ake yi da farko in an kawo irinsa. Ta ce in Allah ya kai ta shekarar ƙarshe, a kan wannan za ta rubuta kundinta na kammala karatu.

Haka muka shiga shekaru uku. Na koya mata neman maƙalu a mujallun da jami'a take biya mana ta intanet, a ranakun da sabis ya yarda. Na koya mata duba shekarar da aka buga abu, da wanda ya rubuta, da inda yake aiki, kafin ta yarda da shi. Wannan ya ba ta wuya, domin a wajenta duk abin da aka buga da inji gaskiya ne. Sai da wata rana na ajiye mata maƙala biyu da suka saɓa wa juna a kan abu ɗaya, na ce ta faɗa mini wace ce gaskiya. Ta kwana biyu da su ta dawo ta ce ɗaya mutum ashirin kawai suka tambaya, ɗayar kuma sun bi ƙauyuka da yawa, don haka ta fi yarda da ta biyun. Na ce to ta gama wannan darasin.

A shekarar ƙarshe ta zo mini wata rana ranta a ɓace, da babi na biyu na kundinta a hannu. Malamin da ke duba aikin ya ja jan biro a shafi shida daga sama har ƙasa, ya rubuta cewa satar rubutu ce. Ta ce, "Malam, ni da girmana a ce na yi sata? Me na sata?"

Na karanta. Ta kwashe maganar littattafan ne kalma bi kalma, ba ta nuna inda ta ɗauko ba. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Waɗannan manyan likitoci ne. Ni wace ce da zan canza musu magana? In na taɓa sai in ɓata."

Na gane ba wayo ta yi ba, ladabi ne a ganinta. Na ce ta buɗe littafin ta karanta sakin layi ɗaya. Ta karanta. Na rufe littafin na ɗora hannuna a kai, na ce ta faɗa mini da Hausa abin da mutumin ya ce, kamar tana yi wa wani manomi bayani a asibitinta. Ta faɗa tiryan-tiryan, har ta ƙara da misalin masu hura bakin famfo. Na ce ta rubuta wannan da Turancinta, sannan ta sa sunan likitan da shekarar littafin a ƙarshen jimlar, don a san daga wajensa ta ji. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, in kuma tana son kalmominsa ne sak, ta sa su cikin alamar zance ta faɗi shafin.

Sati uku ta yi tana sake babin. Turancin bai kai na littafin kyau ba, amma malamin ya karɓa. Jerin manazarta, wato sunayen littattafan da ta yi amfani da su, shi ya fi cin ranta. Waƙafi da aya da baka-biyu, kowanne da wurinsa. Sau huɗu ina mayar mata da shi. A na huɗun ta ce, "Malam, kai ko a gida haka kake?" Madam tana ofis ta fashe da dariya.

A cikin wannan shekarar ne, wata Laraba tana mayar da littattafai, ta ce mini an kawo mata wani da damina daga gonar wake, yana gumi yana zubar da yawu. Ta ce tana jin warin rigarsa ta tambayi 'yan'uwansa ko feshi ya yi, suka ce tun safe. Ta sa safar hannu, ta sa aka tuɓe masa kayan aka wanke shi da ruwa da sabulu, ta aika a ɗauko robar maganin daga gona, ta haɗa su da robar a mota zuwa babban asibiti don likita ya ga irin wanda ya yi amfani da shi. Kwanansa biyar aka sallame shi. Tana ba ni labarin tana neman katin aronta a jaka, da ta same shi ta miƙo mini ta ce in sabunta mata littafi biyu.

Da ta gama tattara bayanan manoman da ta yi hira da su, sai ta rubuta shafi ɗaya da Hausa, abin da mai feshi zai kiyaye da abin da za a yi in ya faɗi. Wannan ba ya cikin abin da jami'a ta nema. Ta kawo mini in gyara mata rubutun, ta ce ba ta saba sa ƙugiya a haruffa ba. Na gyara, muka buga a na'urar ofis da izinin Madam. Ta ba fastonsu ya karanta a coci, ta kai wa mai unguwa ya ba liman, aka karanta bayan sallar Juma'a. Na tambaye ta ko an ji. Ta ce wasu sun fara ɗaura ƙyalle a hanci, wasu sun ce zafi yake sa su, robobin kuwa har yanzu tana ganinsu a gidaje da mai a ciki.

Ƙa'ida ce kowane ɗalibi ya kawo wa laburare kwafi ɗaya na kundinsa. Ta kawo nata da baƙin bango, an yi masa rubutun ruwan zinare a wani shago a Ikara. Ina dubawa a gabanta sai na ga an juya haruffa biyu a sunan wani marubuci a manazarta. Na yi niyyar yin shiru, don an riga an sa hannu, amma ta ga inda idona ya tsaya. Ta karɓa ta duba, ta ce ba za a ajiye shi haka ba, wani zai zo neman littafin ya rasa. Ta koma Ikara a ranar, aka kwance bangon aka canza shafin, ta dawo da shi bayan kwana biyu.

Madam ta yi ritaya shekara guda bayan haka, ta koma garinsu, aka ba ni riƙon laburaren. Mama kuma aka yi mata ƙarin girma aka mayar da ita wani asibiti a ƙasar Kudan. Na daɗe ban gan ta ba, sai wata ranar kasuwa a Hunkuyi na je gida, muka yi kiciɓis a layin masu dankali. Muka gaisa, ta tambayi iyali da Madam, na tambayi jikoki. Har mun yi sallama ta juyo ta ce, "Malam, wanda ya gama karatu ana barinsa ya shiga laburaren?"

Na ce ana bari ya zauna ya karanta, aro ne dai babu. Ta ce ya ishe ta. A sabon wurin nata mata masu ciki suna yawan zuwa da kumburin ƙafa da hawan jini, tana son ta duba wasu abubuwa. Na ce ta zo da hoto guda ɗaya in yi mata kati. Ta zo Asabar ta biyu bayan nan, kuma har yanzu takan zo, kamar sau ɗaya a wata, in babu ruwan sama.